Kwalin da Ya Ƙi Tsayawa a Kilo Biyu

3 ga Maris

'Yar Baba,

Sallama da gaisuwa irin ta uwa. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da kuma baƙon da muke jira. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta dama ce kawai take tuna mini da kanta in zan hau matakala. Babanki kuwa tarinsa ya tafi, surutunsa ya dawo.

Yanzu ki faɗa mini, wa ya rubuta bayan ambulan ɗin wasiƙarki ta ƙarshe? Ba hannunki ba ne. Ni tun daga bakin ƙofa nake gane hannunki. Wannan kuwa wata farar takarda ce aka manna, da rubutun inji baƙi ƙirin, da waɗansu layuka a tsaye kamar haƙoran mataji. Ko kan sarki babu. Irin wannan ambulan daga asibiti ko daga ofis na san yana zuwa. Da mai kawo wasiƙu ya miƙo mini shi, sai na tsaya ina jujjuya shi. Na ce shi ke nan, yarinyar nan tana kwance ba ta iya riƙe biro, wani ne ya aiko. Na ɗora shi a kan firji tun safe har la'asar, ina kewaya shi kamar zai cije ni. Babanki ya dawo daga wurin abokan hirarsa ya ce, "Ke da kika yi shekara biyu kina zuwa makarantar manya, kika hana mu cin abinci a kan lokaci, yau takarda ce ta fi ƙarfinki?" Ya yage bakin ambulan, sai ga hannunki a ciki, kina ba ni labarin labulen da kika saya. Labule! Na yi kuka, na yi dariya, na kuma ce sai na ja miki kunne.

To ga ainihin maganar. Na gama saƙar kayan baƙo. Riguna huɗu, hula uku, safa da ƙaramin bargo mai ruwan ƙwai. Mai shagon ƙasan gidanmu ya ba ni kwali mai ƙwari. Amma ina tsoron rubuta adireshi a kansa. Kin tuna wasiƙata ta farko da ta yi wata guda tana yawo kafin ta same ki. Wasiƙa in ta ɓata sai a sake wata. Wannan kwalin kuwa wata huɗu na idanuna ne a cikinsa.

Kin ce likita ya ce tsakiyar Mayu. Tunda gwiwa da nisan hanya sun hana ni zuwa, so nake kayan nan su riga baƙon isa, abin da zai fara sawa a duniya ya zama daga hannuna ya fito. Ki faɗa mini yadda zan yi. Kada ki ce mu yi magana a waya. Kunnena rabin magana yake kamawa a waya, kuma ba don ado na koyi rubutu da furfura a kaina ba.

Innarki

10 ga Maris

Innata,

Na gaishe ki da kyau, na gaida Baba. Ki riƙa shafa maganin gwiwar nan, na san kwalbarsa tana nan cike yadda na bar ta. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ci kamar gara. Surukinki ya ce a gaishe ku.

Ki yafe mini tsoron da na ba ki, na manta ban faɗa miki an canja mini aiki ba. Shugabar sashenmu ta ce ba za ta iya kallona ina tsaye ina cika kwalaye da wannan nauyin ba, sai ta mayar da ni tebur. Yanzu ina da kujera mai juyawa, da kwamfuta, da sikeli, da wani ɗan inji da bai fi burodi girma ba. Kowane kwali da zai fita sai ya biyo ta gabana. In ɗora shi a sikeli, in shigar da adireshi, in danna, sai injin ya tofo sitika da ɗuminta. A kanta akwai sunan mai karɓa da adireshinsa, da nauyin kaya, da shaidar an biya kuɗin aikawa, shi ya sa ba ki ga kan sarki ba. Haƙoran matajin da kika gani su ne injinan gidan waya suke karantawa, da su kuma ake bin sawun kaya har su isa. An yarda mu buga namu in mun biya daga aljihunmu, shi ne na gwada a kanki.

Saboda haka matsalarki ta zo gidan sauƙi. Ki rufe kwalin, ki like shi da salatif, ki kai wa mai shago ya auna miki. Ki rubuto mini nauyin daidai yadda sikeli ya nuna. Ni zan buga sitikar a nan in sako miki a ambulan. Ke dai ki ɓare bayanta ki manna ki miƙa a gidan waya. Ba rubutu, ba ɓata.

Abu ɗaya za ki kiyaye. Sitikar nan da nauyi ake buga ta. Abin da kika faɗa mini shi zan buga.

Bargo mai ruwan ƙwai! Har na ƙagu in gani.

Taki,
'Yar Baba

17 ga Maris

'Yar Baba,

Gaisuwa da addu'a. Na ji daɗi da aka ba ki kujera. Allah ya saka wa shugabar nan taku, ki ce wata tsohuwa tana gaishe ta. Amma kada ki riƙa juyawa a kujerar nan da yawa, jiri zai ɗebe ki. Maganin gwiwa ina shafawa, ki tambayi babanki, shi ne yake ƙorafin warinsa.

Na kai kwalin. Mai shago ya goge sikelinsa da tsumma don girmamawa, ya ɗora. Kilo biyu cif. Na sa ya sauke ya sake ɗorawa, ya kuma nuna kilo biyu. Na rubuta lambar a tafin hannuna, na haura sama ban gaisa da kowa ba don kada ta goge.

Kilo biyu. Na sake rubutawa don kada ki ce ba ki gani ba.

Innarki

24 ga Maris

Innata,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, baƙonki yana ta shure-shure, ya fi yi in injin yana bugawa.

Ga sitikar nan a tsakanin kwali biyu don kada ta lanƙwashe. Ki manna ta a saman kwalin, a wuri mai santsi, kada salatif ya hau kan layukan. Kwana biyar zuwa shida zai iso. Ina jira.

'Yar Baba

1 ga Afrilu

'Yar Baba,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da sauƙi. Mu lafiya. Kafin ki karanta sauran, ki zauna, kuma ki tuna ni na haife ki.

Kwalin bai tafi ba.

Sitika ta zo lafiya, kyakkyawa, har na nuna wa maƙwabta. Na wanke hannu na manna ta yadda kika ce. Muka tafi gidan waya ni da babanki, shi yana ɗauke da kwali yana nishi kamar ya ɗauko buhun siminti. Muka bi layi muka isa gaban wata ma'aikaciya mai tabarau, doguwa, ba ta cika fara'a ba. Ta ɗora kwalin a sikelinta, ta dubi sitika, ta dubi sikeli, ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Mama, takardarki ta kilo biyu ce. Kayanki kilo biyu da giram ɗari shida." Na ce sikelinta ne yake da matsala. Ta ce, "Mama, ko dai kwalin ne ya ci abinci a hanya?" Babanki ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa.

Gaskiyar magana ita ce, mako biyu ne tsakanin aunawa da zuwan sitika. Mako biyu kwali yana zaune a kusurwar ɗaki, ragowar ulu kuma tana cikin kwando tana kallona. Na ce bari in yi 'yar rigar sanyi guda ɗaya. Gefe ɗaya kawai na ɓare salatif. Da na buɗe sai na ga akwai wuri, na sa sabulu biyu masu laushi. Matar bene na uku kuma ta kawo tawul, ta ce gudummawarta ce. Ya zan ce mata a'a? Na ɗauka ɗan abin da na ƙara inji ba zai lura ba.

Mai Tabarau ta ce irin wannan sitikar ba a yi mata ƙari a kanta. Ko in rage kaya, ko a sake bugo wata, ko kuma in bar taki in aika ta hanyarsu da adireshin hannu. Na ce adireshin hannu dai a'a, takardar 'yata nake so. Na buɗe kwalin a kan kanta don in rage. 'Yar Baba, na ɗaga rigar sanyi na mayar. Na ɗaga tawul na mayar. Babanki ya ce, "Ki cire sabulu mana, garinsu ma ana sayar da sabulu." Na ce sabulun garinsu ba ni na zaɓa ba. Mutanen layi suka fara gyaran murya, muka kwashe kayanmu muka dawo.

Ki yi haƙuri ki sake bugo mini. Kilo biyu da giram ɗari shida. Wannan karon ba zan taɓa shi ba.

Innarki

8 ga Afrilu

Innata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Baba. Ina lafiya, sai dai takalmana duk sun matse ni, silifas ɗin surukinki nake sawa zuwa aiki.

Na karanta wasiƙarki a lokacin hutun rana, na yi dariya har shugabarmu ta leƙo ta ga ko lokaci ne ya yi. Kwali ya ci abinci a hanya! Wannan Mai Tabarau ina son in gan ta.

Ga sabuwar sitika, kilo biyu da ɗari shida. Ki ɓare tsohuwar gaba ɗaya kafin ki manna wannan, in injin ya ga biyu rikicewa yake yi. Kuma Inna, don Allah ki daina saƙar nan haka. Kayan sun isa. Saura mako biyar fa.

Taki,
'Yar Baba

15 ga Afrilu

'Yar Baba,

Ina gaisuwa. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi in kin dawo daga aiki. Mu muna nan.

Ban san ta inda zan fara ba. Kilo uku da giram ɗari biyu.

Na yi niyyar cika alkawari, Allah ya sani. Kwana uku ban ko kalli kusurwar ba. Sai tsohuwar nas ɗin nan ta gidan da ke kallon namu ta shigo gaishe ni, na nuna mata irin rigunan da na yi. Ta ce, "Kyau kam sun yi kyau. Amma in baƙon ya ɗauko girman kakansa fa?" Na dubi babanki yana cike da kujera. Ke ma da aka haife ki rigar farko ba ta shige ki ba. Hankalina ya tashi. A ce kwali ya yi wannan doguwar tafiya, a buɗe, a rasa abin da zai shiga jikin yaro? Sai na yi riguna uku masu ɗan girma da hula biyu. Kafin sitikarki ta iso har na gama na sa.

Na san ba za ta karɓu ba, amma na ce bari in gwada, ko Allah zai sa Mai Tabarau tana hutu. Tana nan. Tun daga nesa ta hango mu ta cire tabarau ta goge. Ta ɗora, ta duba, ta ce, "Mama, yaron nan naki yana girma da kyau, Allah ya raya." Har mutumin da ke bayanmu ya ce amin, bai san da kwali ake ba.

Wannan duk abin dariya ne. Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da na karanta ya fi sau goma. Kin ce in daina saƙar nan haka, kayan sun isa. Na san yanzu akwai kayan jarirai a kantuna masu maɓallai da hotuna, waɗanda inji ya yi, ba inda zare ya karkace. In nawa na tsofaffi ne, in za ki ji kunyar sa wa yaro su a gaban mutanen wurin aikinku, ki faɗa mini kai tsaye. Ba zan yi fushi ba. Zan dai so in sani kafin in ƙara wahalar da ke da injinki.

In kuma kina so, ga abin da muka yi. Na miƙa wa babanki kwarashi da alluran saƙa da sauran ulu, ya kulle a akwatin kayan aikinsa, ya sa makullin a aljihu. Mun naɗe kwalin da salatif ta kowane gefe, babanki ya sa hannu a kan salatif ɗin kamar takardar kotu. Kwalin ma ba ya gidan. Yana wurin mai shago a saman kanta, an ce masa ko na yi kuka kada ya ba ni.

Kilo uku da ɗari biyu. Saura wata guda.

Innarki

26 ga Afrilu

'Yar Baba,

Lafiya kuwa? Yau kwana goma sha ɗaya ban ga amsarki ba. Kullum ina bakin taga lokacin da mai kawo wasiƙu yake shigowa layinmu, har ya fara ɗaga mini hannu yana girgiza kai tun daga nesa.

Babanki ya kira maigidanki a waya, ya ce mini wai kuna lafiya. Amma maza in sun ce lafiya ban san iyakar abin da suke nufi ba. In baƙon ya yi gaggawa ne ake ɓoye mini, ku faɗa mini. In kuma maganata ce ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, tsufa ne da zaman banza. Hannuwana ba su san abin da za su yi ba tunda aka kulle allurai. Jiya na goge tagogin gidan nan duka, har da na matakala da ba namu ba.

Nakan sauka shago in sayi ashana don in ga kwalin. Yana nan. Ashana ta yi mana yawa.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Innarki

1 ga Mayu

Innata, Innata,

Lafiyata ƙalau, baƙo yana nan inda yake, bai yi gaggawa ba. Ki kwantar da hankalinki ki sha ruwa.

Laifin surukinki ne, kuma yana tsaye a kaina yanzu yana cewa in rubuta ya tuba. Ya ɗauko wasiƙarki ta sha biyar ga wata daga akwatin wasiƙu, ya sa a aljihun kwat, ya rataye kwat ɗin. Sai da ta biyun ta zo kina cewa kwana goma sha ɗaya, muka birkice gidan nan muka same ta. Da Baba ya kira shi bai ce masa ana jiran amsa ba, hirar ƙwallo suka yi.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Inna, ni zan ji kunyar saƙarki? Rigar sanyin da kika yi mini shekara shida da suka wuce ita ce a jikina yanzu, ko da yake ba ta rufe cikin. Matan wurin aikinmu sun gaji da jin labarin bargo mai ruwan ƙwai. Na ce ki daina ne don kwalin ya samu ya taso, ba don ba na so ba. Ina so. Duka nake so, da masu girman da ƙananan da sabulun da ba na garinmu ba. Na yi kuka da na karanta wannan layin naki, kuma kin san yanzu kuka ba ya yi mini wuya.

Na fara hutu tun makon jiya, amma yau na sa surukinki ya kai ni wurin aiki. Na zauna a kujerata, matar da ta karɓi aikina ta matsa gefe, na buga miki sitika da hannuna. Ga ta nan. Kada ki tsaya nuna wa maƙwabta. Ranar da ta iso, ranar za ki manna ki kai. Likita ya ce mako biyu, ko ƙasa da haka.

Taki har kullum,
'Yar Baba

7 ga Mayu

'Yar Baba,

Ya tafi! Kwalin ya tafi! Bari in gaishe ki tukuna. Ina fatan kina lafiya, kina cin abinci, kina hutawa. Ki ce wa surukina na yafe masa, amma ya riƙa laluba aljihunsa. Maganar saƙa kuma ta wuce, na karanta amsarki sau ɗaya ta ishe ni.

Wasiƙarki ta iso yau da hantsi. Ko karin kumallo ban ƙarasa ba. Muka sauka shago, mai shago ya sauko da kwalin ya ce babanki ya duba sa hannunsa, ya duba ya ce ba a taɓa ba. A nan kan kanta na manna sitikar, ko karanta ta ban tsaya yi ba.

Layi ya yi tsawo yau. Da muka iso gaba, Mai Tabarau ta ce, "Mama, an dawo awo?" Na ce an dawo. Ta ɗora. Na rufe ido. Da na buɗe, sai na ga tana murmushi. Ashe tana da wushirya.

Ta ce, "Kilo uku da ɗari biyu."

Na ce alhamdulillahi.

Ta ce, "Amma takardar ta kilo uku da ɗari shida ce. Wanda ya buga wannan ya san ki, Mama. An bar miki wurin giram ɗari huɗu."

'Yar Baba, ke ce da wannan aikin? Kika bar mini wuri ba ki faɗa ba? Ni kuma ga shi karo na farko a rayuwata na yi biyayya! Na ce wa babanki ya ba ni makullin akwatinsa in je gida in ɗauko abin cikawa. Mai Tabarau ta ce motar kaya minti goma ya rage mata ta tashi, in ta tafi sai ta jibi. Ta ce ba dole ba ne a cika, haka ma zai tafi. Babanki ya ce, "To ki bari ya tafi mana." Ya tafi da sauran fili a cikinsa? 'Yata ta bar mini wuri in mayar mata da shi wayam?

Na buɗe jakata. Tabarau na karatu, makullin gida, kwalbar maganin gwiwa. Na dubi babanki sama da ƙasa, ya riƙe hularsa da hannu biyu ya ce, "Kada ki soma." Sai na ji abin da ke kafaɗata. Mayafina ne mai kauri, ruwan toka, wanda nake yafawa in da sanyin safiya. Na cire shi na ninke. Babanki ya ce, "A gaban mutane?" Na ce mutanen ai duk 'ya'yana ne.

Mai Tabarau da kanta ta sa reza ta tsaga salatif, ta danna mayafin a ciki, ta like, ta ɗora. Kilo uku da ɗari biyar da tamanin. Ta haska layukan da wata 'yar fitila ja, abin ya yi ƙara, ta ce, "Ya shiga." Wata mata a layi ta tafa, sauran suka biye mata. Na ga wani ma'aikaci ya ɗauki kwalin ya sa a keken turawa ya fita da shi ta ƙofar baya. Na tsaya har sai da na ji tashin motar.

Na dawo gida da ɗankwali kawai, iska tana kaɗa ni. Babanki ya yi gaba da sauri kamar bai san ni ba, amma a kwanar layinmu ya tsaya ya cire rigarsa ta sama ya ɗora mini, yana cewa wai don kada in yi mura in hana shi barci.

Mayafin ban wanke ba, babu lokaci. Ki wanke kafin ki yi amfani da shi. Yanzu saura addu'a. Ki ce wa baƙon ya yi haƙuri kwana shida.

Innarki

16 ga Mayu

Innata,

Baƙuwa ce. Mace. Lafiyarta ƙalau, ni ma haka. Na san surukinki ya faɗa wa Baba a waya, amma na san ke ba ki ɗauke shi labari ba sai kin gani a takarda. To ga shi. Ki yafe karkacewar rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Tun ranar da kika kai kwalin surukinki yake bin sawunsa a wayarsa, yana sanar da ni kamar mai karanta labarai. Ya bar gari, ya kwana a babbar tasha, ya shiga wata motar. Ranar sha biyu da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Washegari da safe muka tafi asibiti. Kwana ɗaya, Inna. Da kin koma gida neman abin cikawa, da ta riga shi.

Da aka ɗora ta a sikeli, nas ta ce kilo uku da ɗari ɗaya. Na fashe da dariya a kan gadon har suka zaci wani abu ne ya same ni. Kwalinki ya fi jikarki nauyi.

Abin da ta fara sawa a duniya ƙaramar rigar nan ce fara mai bakin shuɗi, da hular da ta fi kowace ƙanƙanta. Ba ta ɗauko girman Baba ba, ki faɗa wa tsohuwar nas. Masu girman suna jiran ta. Duk wadda ta shigo ɗakin sai ta taɓa bargon ta tambayi kantin da aka saya, ni kuma in ce ba a sayar da shi.

Mayafin ban wanke ba, kuma ba zan wanke ba tukuna. Da na buɗe kwalin shi ne a sama. Na ɗaga shi sai ga ƙanshinki, da na ɗakinki, har da ɗan warin maganin gwiwa. Na zauna a ƙasa na rufe fuskata da shi. Da shi na tafi asibiti, shi na riƙe lokacin da abin ya yi tsanani, ina kiran sunanki. Kin zo, Inna. Ba ki sani ba ne kawai.

Yanzu haka na shimfiɗa mata shi a gefena tana barci a kai, ta dunƙule hannu ta kama bakinsa. Na gwada zarewa ta ɓata fuska. In kina son mayafinki, sai dai ki lallaɓa gwiwar nan ki zo ki karɓa a hannunta.

Taki,
'Yar Baba, uwar baƙuwa